Kwana a ƙasan kwari, ko a ƙauyen saman dutse, ko yawo da mota: wanne ya fi wa mai iyali da ƙaramin aljihu?

Duk wanda ya taɓa kwasar mata da yara ya nufi yankin duwatsu yawon buɗe ido ya san ba kuɗin zuwa ne ke karya mutum ba, wannan ai tun kana gida ka san shi ka kuma shirya masa. Abin da ke cinye aljihu ƙananan abubuwan nan ne da ke biyo baya kullum, kuɗin hawa, kuɗin fakin, abincin rana a wurin da mai sayarwa ɗaya ne tal kuma ya san ba ka da inda zaka, rigar sanyin da ba a zo da ita ba dole a saya a can. Kuma in ka bi su ɗaya bayan ɗaya zaka tarar kusan duk suna rataye ne a wuyan tambaya guda, ina za ku kwana?

Ni dai hanya uku na sani. Ko ku sauka a babban garin da ke ƙasan kwari kuna hawa da safe kuna dawowa da yamma, ko ku haura can ƙauyen da ke jikin dutsen ku tare a can, ko kuma ku ɗauki mota ku yi ta yawo yau ku kwana nan gobe can. Na gwada biyu daga ciki da iyalina, ta ukun kuma kwana biyu kawai muka iya muka tattaro. Kafin in shiga cikinsu bari in faɗi ma'aunin da nake auna komai da shi, don in ka riƙe shi ko ba ka karanta sauran ba zaka iya yin lissafinka da kanka. A irin wannan tafiya kuɗi kashi biyu ne, akwai wanda ake biya kai-kai, akwai wanda ake biya a dunƙule. Tikitin jirgin ƙasa, tikitin motar igiya mai rataye da ke hawa da mutane saman dutse, faranti a gidan abinci, duk kai-kai ne, in ku shida ne sau shida zaka biya. Gidan haya mai kicin, motar haya, tukunyar da aka ɗora, waɗannan a dunƙule ne, yawanku ma rage muku nauyi yake. Shi yasa shawarar da ango da amarya za su baka ko ta wani gwauro mai jaka ɗaya a baya ba za ta yi maka aiki ba, su kai-kai bai dame su ba, kai kuwa shi ne babban abokin gabarka.

To mu fara da ƙauyen sama tunda shi ne wanda hotonsa ke jan mutum. Gaskiya daɗinsa ba a magana, ka buɗe taga da asuba ga dutse nan a gabanka kamar ka miƙa hannu ka taɓa, yara su fita ƙofa kawai sun shiga ciyawa, babu tashin kowa da sassafe don a kamo jirgi, in ƙaramin ya gaji a dawo da shi ɗaki ya yi barci a sake fita. Amma fa tsadarsa ba mugunta ba ce kawai ta masu masauki, akwai dalili. Komai da ke can ɗauko shi aka yi aka hau da shi, daga bulo har madarar shayi, filin gini a jikin dutse kaɗan ne, sannan watannin da suke samun baƙi ba su da yawa a shekara dole su fanshe na sauran a kanka. Kantin ƙauyen ƙarami ne kuma shi ma haka. Wasu ƙauyukan ma mota ba ta shiga sam, misali Zermatt a Suwizalan da ke gindin dutsen Matterhorn mai tsayin mita 4,478, motarka a Täsch zaka bar ta kamar kilomita 5 kafin garin ka shiga jirgin ƙasa na minti 12, haka Wengen da Mürren su ma ba a hawa da mota. Kaga in motar haya ce da kai, kullum kana biyan kuɗin hayarta kana kuma biyan kuɗin ajiye ta alhali tana can tana hutawa, biyu babu kenan, ga jigilar akwatuna da keken jariri daga mota zuwa jirgi daga jirgi zuwa masauki a kan hanya mai gangare, wanda bai yi ba ba zai gane ba.

Sai dai ban ce a guje shi gaba ɗaya ba. In tafiyar ta kwana biyu ce kacal, ko akwai mai goyo, ko kun taho da tsohuwa wadda ba za ta iya hawa da sauka kullum ba, to ƙauyen sama na iya fin sauƙi ma, don kwana biyu in ka cire zirga-zirga me ya rage? Daga kwana huɗu zuwa sama ne tsadar ke fara cizo.

Akwai kuma maganar lafiya, wadda mutane ke rainawa. Ciwon tsauni, wato ciwon kai da tashin zuciya da kasala da rashin barci saboda iskar da kake shaƙa ta yi ƙaranci, yakan fara ne daga wajen mita 2,500 zuwa sama, kuma tsayin inda ka kwana ya fi muhimmanci a kan inda ka leƙa na awa ɗaya ka sauko. A tsaunukan Alps na Turai yawancin ƙauyukan da ake kwana ba su kai mita 2,000 ba don haka da wuya ya dame ku, amma a Andes ko Himalaya labarin daban ne. Birnin Cusco na Peru yana wajen mita 3,400, garin Leh a arewacin Indiya wajen 3,500, jirgin sama zai ajiye ku can kai tsaye jiki bai shirya ba. Shi yasa masu dabara in sun sauka Cusco sai su gangara kwarin Urubamba da ke ƙasa da mita 3,000 su fara kwana a can, tsohon garin Machu Picchu ɗin ma da ake zuwa dominsa mita 2,430 ne, ya fi birnin ƙasa nesa ba kusa ba. Babba zai ce maka kaina na ciwo, amma yaro ɗan shekara biyu ba zai faɗa ba, sai dai ka ga rigima ba dalili, ya ƙi abinci, ya ƙi barci, kuma babban maganinsa a sauko ƙasa. Ƙa'idar da likitocin tsauni ke bayarwa ita ce in an wuce mita 3,000 kada a ƙara fiye da mita 500 a tsayin wurin kwana daga dare zuwa dare, tafiya sannu sannu kwana nesa dai. Ta fuskar aljihu kuwa, kwana biyun da kuka yi a kwance a ɗaki da ciwon kai ai kun biya kuɗinsu, ba wanda zai mayar muku.

Yanzu garin ƙasan kwari, irin su Interlaken na Suwizalan da bai kai mita 600 ba, ko Pokhara a Nepal da ke wajen mita 800 kana hango dutsen Annapurna daga bakin tafki. Nan ne ni na fi karkata kuma ba zan ɓoye ba. Masaukai da yawa suna gasa da juna, akwai babban kanti da mutanen garin kansu ke saye a ciki, akwai asibiti da kemis in yaro ya tashi da zazzaɓi cikin dare, kuma ranar da sama ta ɓaci, wadda dole sai an samu a cikin mako, akwai abin yi a ƙasa ba sai kun zauna kuna kallon juna a ɗaki ba. Wani abin kuma daga kwari hanyoyi ke rabuwa, yau ku nufi wannan dutse gobe wancan, shi kuwa na ƙauyen sama in yana so ya ga wani wurin sai ya sauko tukuna ya sake hawa, ya biya sau biyu.

Amma nan ma akwai rami. Arahar ɗakin a dunƙule take, zirga-zirgar kuwa kai-kai ce. Na taɓa kama gida mai arha sosai ina ta murna na yi dabara, ashe tsakaninsa da inda ake fara hawa bas ne da jirgi kusan awa ɗaya da rabi, kullum mu biya na mutum shida zuwa da dawowa, kafin mu isa yaran sun riga sun cinye abincin ranar sun fara faɗa kan wa zai zauna bakin taga, da na zauna na tara lissafi a rana ta huɗu sai na ga an gudu ne ba a tsira ba. Don haka ka ɗauki biro, bambancin kuɗin ɗaki tsakanin sama da ƙasa na dare ɗaya a gefe guda, kuɗin zuwa da dawowa na kowa da kowa a ɗaya gefen, wanda ya rinjaya shi ne amsarka. Ni kuma na ƙara wa kaina sharaɗi, in tafiyar ta wuce minti 40 zuwa gindin dutsen ban so ko da kyauta ne. Sannan ka tambayi mai masauki tun kafin ka biya ko suna ba da katin baƙi, don a yankuna da yawa na Alps wanda ya kwana a masaukin da ke da rajista ana ba shi katin shiga bas ɗin yankin kyauta, a jihar Ticino ta Suwizalan ma har jiragen ƙasa na cikin jihar yake ɗauka ga wanda ya sauka a otal ko sansanin tanti. Wannan katin shi kaɗai yana iya juya lissafin gaba ɗaya, kuma wasu gidajen haya na ɗaiɗaikun mutane ba sa cikin tsarin, to kaga arahar tasu ba ta kai yadda take a ido ba.

Ƙaramin aibin kwari shi ne rana na saurin faɗuwa bayan dutse, da hunturu kuma hazo kan kwanta a ƙasa kwana da kwanaki alhali can sama rana ce tarwai. Da zafi kuwa kwarin ya fi zafi. Wannan dai ana iya jurewa.

Sai ta uku, yawo da mota. A takarda ita ce ta fi kyau ga mai iyali tunda mota a dunƙule ake biyanta, kuma akwai ƙasashen da babu ma wata hanyar, kamar yawancin tsaunukan Amurka da Kanada inda ba ko'ina bas ke zuwa ba. A can tsarin ma yana taimakon mai yara, gandayen daji da yawa na Amurka kuɗin shigarsu a kan mota ake karɓa, na Great Smoky Mountains ba a biyan kuɗin shiga ma sam sai dai na fakin da suka fara karɓa a 2023, a Kanada kuma tun 2018 yaro ɗan shekara 17 zuwa ƙasa kyauta yake shiga gandayen gwamnatin tarayya irin su Banff. To riƙe mota daban, canja masauki kullum daban, kuma wannan na biyun ne nake ƙi. Kwanan dare ɗaya ya fi tsada, gidajen haya da yawa ba sa ma karɓar ƙasa da dare biyu ko uku, waɗanda suka karɓa kuma kuɗin shara da wanki ɗaya ne ko dare ɗaya ka yi ko bakwai. Ba za ku iya sayen kayan abinci da yawa ba don ba firij a hanya, sai ku koma cin na saye, kai-kai ya dawo kenan. Ga haɗa kaya kowace safiya, a nemi takalmin wannan a nemi cajar wancan, uwar gida ta gaji tun kafin a tada mota.

Kuma hanyar dutse ba irin wadda ka saba ba ce. Taswirar waya za ta nuna maka kilomita 60 ka ce ai yanzu ne, sai ka share awa biyu. Mashigin Stelvio a Italiya mai tsayin mita 2,757 ta ɓangarensa ɗaya kawai kwana 48 gare shi irin mai lanƙwasa kamar gwiwar hannu, direba yana jin daɗi, na gaba yana ɗaukar hoto, su kuwa na baya cikinsu ke juyawa. 'Yata ta biyu a irin wannan hanya ce ta yi shiru, na leƙa madubi na ga fuskarta ta canja tana haɗiyar yawu, kafin in samu inda zan tsaya, don ba ko'ina ake iya tsayawa ba, ta riga ta wanke kujera da jakar uwarta, muka ƙarasa ranar da tagogi a buɗe cikin sanyi kowa na toshe hanci. Tun daga nan leda da tsumma da kayan canji suna kusa da hannu, ba a but ba, kuma ba mai kallon waya in an fara kwane-kwane. Ita motar ma tana jin tsauni, injin da ba shi da tabo, na'urar nan da ke tura masa ƙarin iska, yana rasa kusan kashi 10 cikin 100 na ƙarfinsa a duk mita 1,000 saboda iska ta yi ƙaranci, ƙaramar motar da ka ɗauka don arha in ka loda mata mutum shida da kaya sai ta yi ta nishi a hawa. A gangara kuwa kada ka ɗora ƙafa a birki ka bar ta, zai yi zafi ya daina kamawa, ka sa ƙaramar giya injin ya riƙe motar, ko otomatik ce tana da wurin yin haka. Wasu hanyoyin na kuɗi ne, kamar ta Grossglockner a Ostiriya da aka buɗe tun 1935, kuma ita da Stelvio duk rufe su ake da hunturu. Wasu wuraren ma yanzu an hana motar gida, hanyar tafkin Moraine a Banff tun 2023 sai dai ka shiga bas.

In ka tambaye ni, ka riƙe motar in yankin na buƙatarta amma ku zauna wuri ɗaya, in mako ya wuce ku raba shi gida biyu. A inda jirgi da bas ke aiki da kyau kuma yara ke shiga kyauta, motar ma ba dole ba ce. A Suwizalan yaro ƙasa da shekara 6 ba ya biya, kuma in uba ko uwa na riƙe da Swiss Travel Pass, tikitin kwanaki na shiga jirgi da bas a ƙasar, ana ba su katin iyali kyauta wanda yara 'yan ƙasa da 16 za su bi su ba tare da biya ba, kaga mai yara huɗu kai biyu kawai zai biya wa.

To an zaɓi wurin kwana, saura hawan kansa, kuma a nan ne kuɗi ke zuba kamar an fasa tulu. Motar igiya, akwatin nan mai gilashi da ke rataye jikin igiyar ƙarfe, ita ce mafi sauri. Ta Aiguille du Midi a Faransa tana ɗaukarka daga Chamonix a mita 1,035 ta ajiye ka a 3,842 cikin kamar minti 20. Yi lissafi, zafi na raguwa da wajen digiri 6.5 a duk mita 1,000, wato tsakanin ƙasa da sama kusan digiri 18 ne, ka shiga da riga shara-shara ka fito cikin ƙanƙara, kuma ba sa ɗaukar yaro ƙasa da shekara 3. Jirgin ƙasa mai haƙori, wanda ke da wata ƙafa mai haƙora da ke cizon dogo a tsakiya don kada ya zame, ya fi a hankali kuma ya fi wa tsofaffi da keken jariri sauƙi, irin wanda ke zuwa Jungfraujoch, tashar jirgin ƙasa mafi tsayi a Turai a mita 3,454, an buɗe ta tun 1912. Duka biyun tsada gare su ta fitar hankali ga mai iyali, kuma tikitin kwanakin nan da na ambata bai ɗauke na Jungfraujoch duka ba, rangwame kawai yake bayarwa, mutane da yawa sai sun je wurin suke ganewa.

Ra'ayina a nan wasu ba za su so shi ba, amma mafi tsayi ba shi ne mafi daɗi ga yara ba. A can ƙololuwa dandamali ne na ƙarfe da iska mai yanka kunne da jama'a ana turereniya, minti 20 yaro ya ce sanyi yake ji a koma. Tashar tsakiya kuwa, wajen mita 1,800 zuwa 2,200, nan ne ciyawa da furanni da shanu masu ƙararrawa da ƙoramu, yaro zai wuni yana jefa duwatsu a ruwa bai gaji ba, kuɗinta kuma bai kai na sama ba. Sannan dutse ai ba a ganinsa in ana kansa, daga tudun da ke fuskantarsa ake kallonsa, shi yasa masu son ganin Annapurna da fitowar rana tudun Sarangkot suke hawa wanda bai wuce mita 1,600 ba. Don haka ni tsarina babban hawa ɗaya tak a tafiyar gaba ɗaya, a sa masa kuɗi a yi shi da kyau, sauran kwanakin tashar tsakiya da ƙafa.

Kuma wannan hawa ɗayan kada ka yanke masa rana tun daga gida. Mu mun yi wannan kuskuren, na sayi tikiti ta intanet mako biyu kafin tafiya don ɗan rangwamen da ke ciki, ranar ta zo sama a rufe, muka ce ai mun biya bari mu je ko zai washe, muka hau muka fito cikin wani farin hazo da ko ƙarfen da ke gabanka da ƙyar kake gani, akwai wani allo da aka zana duwatsun da ya kamata mu gani da sunayensu, shi muka tsaya muka karanta wa yara, babban ya ce Baba yanzu wannan muka zo gani? Wallahi ban samu amsa ba. Yawancin manyan tashoshi suna da kyamara da ke nuna saman kai tsaye a intanet, ka duba da safe, in garau ne ku tashi a take ku kama na farko, don a lokacin zafi da safe ne sama ta fi washewa, bayan azahar gajimare ke taruwa har da tsawa. Rangwamen sayen wuri bai kai asarar tikiti shida ba, sai in sun yarda a canja rana. Iska ma na rufe motar igiya, ta Table Mountain a Afirka ta Kudu da ke aiki tun 1929 an san ta da haka, saboda haka kada ka bar babban hawa sai ranar ƙarshe.

Tikitin kwanaki da ake cewa ka hau duk inda kake so, shi kuma sai ka yi wa kanka gaskiya. Yana biyan kansa ne in za ku hau kullum, yara kuwa rana ta uku sukan ce su dai a bar su a gida, kai kuma don ka riga ka biya sai ka koma jan su dole kamar an aiko ka. In hawa biyu ko uku za ku yi a mako, ɗaiɗai ya fi.

Dabarar da ke rage kuɗi sosai ita ce a sayi na hawa kawai a sauko da ƙafa, amma a duba hanyar da kyau. Wani ɗan ƙasar Scotland mai hawan dutse, William Naismith, ya fitar da ma'auni a 1892 da har yau ake amfani da shi, awa ɗaya ga duk kilomita 5, a ƙara awa ɗaya ga duk hawan mita 600. Wannan na babba ne mai lafiya da ba ya tsayawa, da yara ni ninkawa nake, in akwai na goyo ma har da ɗori. Gangara kuma ba hutu ba ce, gwiwa take ci, saukar mita 400 ta ishi iyali, in ta kai 1,000 gobe ba mai tashi.

Lokacin zuwa shi ma zaɓi ne tsakanin abu biyu. Lokacin hutun makaranta komai a buɗe yake amma komai ya yi tsada kuma ya cika. Gefen lokacin, kamar Yuni ko Satumba a Alps, ya fi arha da sarari in makarantar yara ta bari. Amma kada arha ta ja ka can cikin Nuwamba ko ƙarshen Afrilu, a lokacin ne ake rufe motocin igiya da yawa don gyara, masaukai ma wasu na kulle, zaka samu ɗaki a banza ka rasa abin hawa, araha dai ba ta ado. A Himalaya damina daga Yuni zuwa Satumba takan rufe duwatsun ruf, Oktoba da Nuwamba ne ake ganinsu tas, a Andes na Peru kuma rani daga Mayu zuwa Satumba yake. Kowane dutse da kalandarsa, kada ka ɗauki ta wani ka ɗora wa wani.

Abinci ba sai na tsaya ba, gida mai kicin ya fi otal ga duk wanda ya wuce mutum huɗu, a yi na rana tun safe a sa a jaka da filas na ruwan zafi, can sama sai dai a saya wa yara abu ɗaya mai ɗumi don marmari. Uwar gida dai ta sani in kun yi sama sosai girki zai riƙa jinkiri, ruwa yana tafasa tun bai yi zafin da ta saba ba, a mita 3,000 wajen digiri 90 ne, ba murhun ne ya lalace ba. Kayan sanyi kuwa a aro ko a sayi na gwanjo tun kafin a taso, riguna marasa nauyi uku a kan juna sun fi ƙatuwa ɗaya don ana cirewa ana mayarwa yadda rana ta juya. Inda ban yarda a yi rowa ba takalmi ne mai kama ƙasa, da hula da tabarau don zafin hasken rana na ƙaruwa da kusan kashi 10 cikin 100 a duk mita 1,000 kuma dusar ƙanƙara tana mayar da shi cikin ido ko kana jin sanyi, sai inshorar tafiya, a karanta a ga har tsayin mita nawa ta ɗauka, don a dutse in ƙafa ta karye wani lokaci jirgi mai saukar ungulu ne ke zuwa ɗauka kuma ba ko'ina ne yake kyauta ba.

Da kun fito daga motar igiya a sama, kafin kowa ya ciro waya, nemi allon da aka rubuta lokacin saukar ƙarshe ka ɗauki hotonsa. Da yawa tun wajen ƙarfe 5 na yamma suke tashi, kuma ba sa jiran kowa, ka sa ƙararrawar waya awa ɗaya kafin lokacin don layin masu sauka yakan yi tsawo.